Ranar da Gwaggo Luba Ta Turare Falon Baffa

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu karatu. Ban taɓa ba kowa labarin nan ba, don haka in kun ga ina zagaye-zagaye ku yi min uzuri, haka bakina yake in na tsorata. Sunana Zulfa, gidanmu yana Takur a cikin Dutse. Abin da zan gaya muku ya faru ne da daminar 2004, wata Asabar da har yau in na tuna ta sai takaici ya kama ni.

Ranar ce Baffa, mahaifina, ya ce Maharazu, mai nemana da aure, ya zo ya gan shi bayan la'asar. Gani ɗaya tak. In ya kwanta masa, zai ce ya turo magabatansa. In bai kwanta masa ba, an rufe maganar, kar ya ƙara jin sunan a gidansa. Baffa kuwa ba ya maimaita magana.

Abin da ya jawo haka tari ne. Maharazu yana da wani busasshen tari, kuma in ya yi tafiya mai ɗan nisa sai ya tsaya ya huta kamar tsoho, alhali shekararsa ashirin da tara. Matan unguwarmu sun riga sun gama yi masa gwaji a gidan suna. Wasu suka ce tarin fuka ne. Wasu kuma sai su rage murya, su kalli ƙofa, su ce ai cutar zamani da haka take farawa. Duk wannan ya shiga kunnen Umma, daga kunnen Umma ya wuce na Baffa.

Ni na san gaskiya. A matakalar ɗakin karatu ya gaya min ita, inda na fara ganinsa yana zaune yana mayar da numfashi da littafi a cinya. Yana shekarar ƙarshe a jami'a ƙulli ya fito masa a wuya. Aka ce ciwon daji ne. Wata shida yana zuwa asibiti a Zariya, duk sati biyu a ɗaura masa ruwan magani, gashinsa ya zube, ya dawo kamar sillen kara. Allah ya ba shi lafiya, ciwon ya tafi. Sai dai ɗaya daga cikin magungunan ya bar masa tabo a huhu. Huhun ya yi tauri, ba ya buɗewa kamar na kowa, kuma likita ya ja masa kunne a kan hayaƙi kowane iri.

"Kar ki faɗa a gida tukuna," haka ya roƙe ni. "Ki bari Baffa ya fara ganina a matsayin mutum. In suka fara jin kalmar daji, ba ni za su ƙara gani ba, likkafani za su gani."

Na ce to. Wannan "to" ɗin ita ta kusa kashe shi.

Da hantsi ina goge kujerun falo sai na ji sallama mai ƙarfi daga soro, irin wadda take sa kaji su watse. Gwaggo Luba ce, yayar Baffa, daga Ringim. Ba wanda ya kira ta. Ta ji labari ne kawai ta hawo mota. Ku sani, duk amaryar da aka kai ɗaki a danginmu, turaren wutar Gwaggo Luba ta tafi da shi. Da hannunta take haɗawa, ta jiƙa itacen sandal wata guda, ta soya da sukari, kuma ko 'yar cikinta ba ta san sauran abin da take zubawa ba.

Ta sauke jaka, ta zaro gwangwani uku na turare ta jera a kan tabarma.

"Ina 'yar boko? Zo nan in gan ki. Kai, Iyatu, ba kya ba yarinyar nan abinci ne? Ko takardar take ci?" Iyatu sunan Umma ne.

"Sannu da zuwa, Gwaggo," na ce, idona a kan gwangwanayen.

Na bi Umma madafa na ce mata a hankali, "Umma, don Allah yau kar a sa turare a falo."

"Saboda me?"

"Ba ya so."

Ashe Gwaggo tana bakin ƙofa. Kunnenta ya fi na kowa a gidan in maganar ba tata ba ce.

"Ba ya so? Wa? Yaron? To shi a gidansu me suke turarawa, tayar mota?"

"Mura yake yi, Gwaggo."

"Madalla! Ai turarena maganin mura ne. Ya shaƙa sau biyu hancin ya buɗe."

"Gwaggo, kansa yake sa wa ciwo."

"Ke, rufe min baki. Baƙo zai shigo gidan ƙanena neman aure ya tarar da falo yana warin kafet? A koma a ce 'yan Ringim ba su san karamci ba? Ba a gabana ba."

Umma ta harare ni, harara mai cewa in na ƙara kalma ɗaya zan gane kurena. Masu karatu, na san abin da kuke cewa. Kalma biyar kawai zan faɗa a wuce wurin. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na tuna fuskar Umma ranar da ta dawo daga gidan sunan nan, na haɗiye.

Maimakon haka sai na yi dabarar marasa wayo. Na ɗauke kaskon turare na tura ƙarƙashin gadona, bayan kwalin littattafai. Gwaggo ta neme shi ta rasa, ba ta ko ɓata rai ba. Ta leƙa katanga ta aro na maƙwabta. Guda biyu suka ba ta.

Kafin azahar ta rufe tagogin falo ruf, ta saki labule, ta toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane don kar ƙamshi ya gudu. Kasko ɗaya a bayan doguwar kujera, ɗaya a ƙarƙashin tebur. Da na shiga ɗakina in shirya, sai na tarar har atamfata, shuɗiya mai zanen ganye da na ɗinka don ranar, ta kifa ta a kan kwando da garwashi a ƙasa, tana ta shan hayaƙi tare da mayafin. Na zauna a bakin gado na dafe kai. Daga baya na zaro wata tsohuwar doguwar riga ruwan toka da hijabin islamiyya na saka.

"Wannan kuma fa?" in ji Umma. "Ta'aziyya za ki?"

Na ɗauki 'yar wayata, wadda yayana ya bar min da ya sayi sabuwa, na nufi gindin zogale. A duk gidanmu nan ne kawai sabis yake kamawa, shi ma sai ka ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Na rubuta:

"An cika falo da turaren wuta. Kar ka shiga. Ka ce a zauna a waje."

Sai da na tura sau uku ya tafi. Amsa ta zo:

"Haba Zulfa. In je gidan mutum neman 'yarsa in zaɓa masa wurin zama? Minti goma ne, zan daure."

"Ba za ka iya ba."

"Na daure wata shida. Ki yi min addu'a kawai. Wace riga kika sa?"

Ku ji fa. Wace riga na sa! Na ji kamar in maka wayar da katanga.

Da a ce shekarun baya ne, da a ƙofar gida Baffa zai shimfiɗa darduma su zauna a iska. Amma tun da aka ƙaddamar da shari'a ya ce maganar aure ba ta bakin titi ba ce, ya gyara falon nan, ya sa kafet da labule masu nauyi, kuma yana ji da shi ƙwarai.

Ana idar da la'asar na ji tsayuwar babur. Na leƙa ta tagar madafa. Farar shadda ya sa mai ƙaramin aiki a wuya, hula ruwan ƙasa, ya yi aski. Ya kafe babur ɗin, ya tsaya ya dafa shi ya ja numfashi sau uku, yadda yake yi in zai hau matakala. Sannan ya yi sallama.

Da Baffa ya buɗe masa ƙofar falo, hayaƙi ne ya fara fitowa ya tarbe shi. Na ga ya ɗan ja baya, taku ɗaya kawai. Sai ya cire takalmi ya shiga.

Aka ba ni tire, zoɓo da dabino da dubulan, aka ce in jira a lungu sai an kira. Daga nan ina jin komai. Umma da Gwaggo ma suna bayana, wai su ba saurare suke ba.

"Ɗan gidan wa a Garki?" in ji Baffa.

"Malam Yahuza mai awo, ranka ya daɗe. Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. A sakatariya kake aiki?"

"E, ɓangaren taswirar filaye."

Muryarsa ta fito lafiya. Na fara cewa a raina ko Allah zai rufa asiri. Sai ga Gwaggo ta wuce ni da wani sabon garwashi jajir a murfin kwano, ta zuba turare cike da hannu, ta yi sallama ta shiga. Ta leƙen labule na ga inda ta ajiye shi: daidai gaban gwiwarsa, yadda ake yi wa babban baƙo.

"Shaƙa, ɗan nan. An ce mura kake."

"Na gode, Gwaggo," in ji shi. "Allah ya saka."

Ya gode! Yana kallon abin da zai kashe shi, ya gode.

Tarin ya fara a hankali, ɗaya, biyu, yana rufe baki da hankici. Gwaggo ta dawo lungu ta taɓo Umma da gwiwar hannu.

"Kin ji ko? Wannan ba mura ba ce, Iyatu. Daga ƙirji yake fitowa."

"Lafiya dai?" Baffa ya tambaya.

"Lafiya lau, ranka ya... lafiya..."

Bai ƙarasa ba. Tarin ya sarƙe shi, wani na bin wani ba tazarar da iska za ta shiga. Sai kuma ya daina tarin, wata ƙara ta maye gurbinsa, siririya, kamar ana jan iska ta cikin tsinke. Wannan ƙarar ita ta cire min kunya.

Ban san inda na ajiye tiren ba. Daga baya aka ce a ƙafar Umma na sake shi. Na faɗa falon ba sallama, ni da ko gaban Baffa ba na wucewa sai na durƙusa. Na sunkuci murfin kwanon da hannuna, na fito na watsa shi a kwatar tsakar gida inda ruwan saman jiya ya kwanta. Na koma na jawo kasko na bayan kujera, na jawo na ƙarƙashin tebur. Na fizge labule har ƙarfensa ya faɗo, na bubbuɗe tagogi.

"Zulfa!" Baffa ya miƙe. "Kanki ɗaya?"

"Baffa, a fitar da shi waje! Huhunsa ne! Ba tarin fuka ba ne, ba kuma abin da suke faɗa ba ne. Ciwon daji ya yi, ya warke, maganin ne ya ƙone masa huhu, hayaƙi kashe shi zai yi! Don Allah ku kama shi!"

Duk a numfashi ɗaya na faɗa. Wata takwas ina riƙe da maganar, ta fita a gaban kowa, da ihu, hijabina a karkace.

Baffa ya kalli Maharazu. Leɓensa ya yi duhu, gumi ya jiƙa wuyan shaddar, amma wai har lokacin ƙoƙari yake ya ɗaga hannu ya nuna ba komai. Ya tattare babbar rigarsa a kafaɗa, ya sa hannu a hammatarsa ya ɗago shi, suka fito tsakar gida.

Umma ta ruga katanga tana ƙwala kira, "Maman Elnathan! Maman Elnathan, taimaka!" Maƙwabciyarmu ce, Anti Cecilia, nas ce 'yar Filato, shekararta bakwai a Takur. Ta shigo da ɗaurin ƙirji da mayafi a kai, hannunta duk kumfar wanki.

"Ku ba shi wuri, ku matsa. Alhaji, kawo kujerar can. A'a, kar a kwantar da shi! Zauna, ɗana, jingina gaba, ɗora hannu a nan. Ja ta hanci. Saki ta baki a hankali, kamar kana hura koko. Yauwa. Kuma."

Muna tsaye cirko-cirko muna kallon bayansa yana hawa yana sauka. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai ga Gwaggo ta fito daga madafa da sauri, da garwashi a cokalin miya.

"Ku matsa in turara masa tazargade, shi ne maganin sarƙewa."

"Gwaggo!" Ni da Umma da Anti Cecilia muka faɗa a tare. Har Baffa sai da ya ce, "Yaya, don girman Allah, mayar da wutar nan."

Ta tsaya da cokali a hannu, ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. "To. Yau na zama mayya a gidan ƙanena." Ta juya.

A hankali ƙarar nan ta ragu, launin bakinsa ya fara dawowa. Ya laluba aljihu ya miƙa wa Anti Cecilia wani ɗan kati da ya sha lanƙwasa. Ta karanta ta gyaɗa kai.

"Alhaji, gaskiya yarinyar ta faɗa. Ga sunan maganin nan, na san shi. Yana kashe ciwon, amma wasu yana taɓa musu huhu. Ba ya yaɗuwa, ko kofi ɗaya kuka sha ruwa ba abin da zai same ku. Katin nan don likitoci ne, ko iskar asibiti za a sa masa sai an yi hattara." Ta juya kansa. "Kai kuma, da wannan a aljihunka ka zauna a cikin hayaƙi? Bakinka ciwo yake?"

"Kunya, Anti," ya ce da ƙyar.

"Kunya. In ka mutu sai a rubuta kunya a takardar mutuwarka." Ta kamo hannuna ta juya tafin. Sai lokacin na ga yatsuna uku sun ƙone sun tashi. "Ga wata gwanar. Sa a ruwan sanyi, ina zuwa da magani."

Ta fita. Baffa ya jawo turmi ya kifa ya zauna a gaban Maharazu. Ni ina tsugune a gefe da hannu a cikin kwanon ruwa. Bai ce in tashi ba, ni ma ban tashi ba.

"Tun yaushe kika sani?" Bai kalle ni ba.

"Wata takwas, Baffa."

"Ni na hana ta faɗa, ranka ya daɗe," in ji Maharazu. "Laifina ne."

"Naku ne ku biyu." Baffa ya cire hula ya shafa kai. "Ciwo na Allah ne. Ban taɓa ƙin mutum don ciwo ba, ni ma ban san da me zan kwana ba. Amma na tambaye ka lafiya, kana mutuwa a kan kafet ɗina, ka ce min lafiya lau. Da yarinyar nan ba ta yi haukan da ta yi ba, da yanzu gawa zan aika Garki. In ce musu me? To in na ba ka ita, ranar da abin ya taso, haka za ka yi mata? Ta tambaye ka ka ce lafiya lau?"

Maharazu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa, duk da tsoron da nake ji, wani ɓangare na zuciyata cewa yake, faɗa masa, Baffa, ƙara faɗa masa.

"Bar babur ɗin a soro," in ji Baffa. "Za a tare maka tasi. Je ka huta."

Shi ke nan. Bai ce turo ba, bai ce kar ka turo ba. Amma ni na san Baffa. Gani ɗaya ya ce, kuma an yi ganin.

Sauran yammacin ba daɗi. Umma tana tsince dubulan daga ƙasa ba ta yi min magana. Gwaggo ta zauna a bakin kwata tana kallon turarenta a cikin laka.

"Shekara talatin ina haɗa turare," take faɗa wa kaji, "har gidan sarauta an aiko an saya. Yau 'yar ƙanena ta zuba min shi a kwata." Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Da kin buɗe baki kin ce min yaron huhu gare shi, ni mahaukaciya ce? 'Ba ya so.' 'Mura yake.' Kin sa na kusa kashe ɗan mutane da hannuna."

Wannan ta fi min ƙunar yatsun zafi.

Bayan magariba na koma gindin zogale, na ɗaga wayar da hannun hagu. Saƙo ya shigo, dogo, har ya rabu biyu.

"Baffa ya yi gaskiya. Akwai abin da ke ma ban gaya miki ba. Tun watan uku ya kamata in koma Zariya a ɗauki hoton ƙirjina a ga ko tabon ya tsaya ko yana ƙaruwa. Sau biyu ina ɗagawa don tsoro. Numfashina ya ragu bana, kin lura na ce miki gajiya ce."

Na biyun ya ce:

"Zan je ranar Alhamis. Ba ni da uba. Ki tambayi Baffa ko zai raka ni, ya ji daga bakin likita, mai daɗi ko marar daɗi. In ya ƙi, na fahimta."

Na karanta sau huɗu. Na farko na ji kamar in je har gidansu in shaƙe shi da kaina. Gajiya ce! Wata biyar yana kallon idona yana cewa gajiya ce. Na biyu na yi kuka. Na uku da na huɗu ƙafafuna nake lallashi su kai ni inda Baffa yake.

Yana kan darduma a ƙofar falo, don har lokacin ba mai iya zama a ciki. Na durƙusa na miƙa masa wayar da hannu biyu. Ya karɓa, ya nesanta ta da ido, ya matso da ita, ya dawo min da ita.

"Rubutun nan kamar ƙwan kifi. Karanta min."

Masu karatu, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, in karanta wa mahaifina saƙon saurayi da bakina. Haka na karanta. Da na zo wurin "ba ni da uba" sai na rage murya.

Baffa ya daɗe yana jan carbi. Umma ta fito da fitila ta tsaya. Gwaggo ma ta leƙo.

"Rubuta masa," ya ce. "Ranar Alhamis ya zo nan in an fito sallar asuba. A motata za mu tafi, ba zai shiga ta haya direba yana busa masa taba ba."

Yatsuna suka fara neman haruffa. "Baffa, in ce masa... in ce ka amince?"

"Ki ce masa abin da na ce." Ya miƙe ya naɗe dardumar. "Ni zan shiga da shi gaban likita, ni zan yi tambayoyin, tunda ku biyun ba ku iya ba. Amsarku tana cikin hoton nan, Zulfa. Ki yi addu'a daga nan zuwa Alhamis."